Gaɓa da Ƙarfin Furuci a Kalmomin Nahawun Ingilishi: Tsokaci a kan Ra'in Leben (1996)

1.0 Gabatarwa

A maƙalarsa ta 1996 a mujallar Studies in African Linguistics, William Leben ya nuna cewa idan Hausa ta ari kalma daga Ingilishi, gaɓar da Bature ke ƙarfafawa ita ke ɗaukar karin sama. Wannan tsokaci ya auna ra'in da kalmomin nahawu da ake koyarwa a makarantun unguwanni irin su Kagarawal a Gombe.

2.0 Inda ra'in ya yi daidai

Misalai sun goyi bayansa. Soja, tebur da gwamna suna da karin sama a gaɓar farko, inda ƙarfin yake a Ingilishi. Siminti da fareti kuwa sun fara da karin ƙasa, sannan suka hau a gaɓa ta biyu. Da yake gaɓar Hausa ba ta wuce siga uku ba, wato BW, BWW da BWB, ana saƙala wasali don raba cunkoson baƙaƙe, kamar a burodi.

3.0 Inda ya gaza

Waɗannan kalmomi da kunne aka ɗauke su, daga bakin sojoji da jami'an mulkin mallaka. Kalmomin nahawu kuwa a allo ɗalibi ke fara ganinsu. Ƙarfin adjective na gaɓar farko, na conjunction a ta biyu, na preposition a ta uku, amma rubutun Ingilishi bai nuna ko ɗaya ba. Ɗalibin da bai ji furucin ba, ba shi da ƙarfin da zai mayar karin sama, sai ya dogara da nauyin gaɓa, wanda Newman (1972) ya nuna muhimmancinsa a Hausa. Wataƙila shi ya sa ake yawan jin an ƙarfafa gaɓa ta biyu a adjective.

Haka kuma ra'in ya tsaya ga Hausa da Ingilishi. A Gombe kuwa akwai ɗaliban da Fulfulde ce harshensu na gida, ita kuma ba ta da karin sauti.

4.0 Kammalawa

Ra'in Leben ya bayyana aron kunne. Aron allo na buƙatar nazarin kansa, daga muryoyin da aka naɗa a aji, tare da tantance harshen gidan kowane ɗalibi. Kafin nan, ya kamata malami ya furta kalma gaɓa-gaɓa kafin ya rubuta ta.