Rular Lissafi a Idon Kyamara: Nazarin Fitowa Ɗaya a Fim ɗin Apollo 13

A zauren gidanmu da ke Yakasai, cikin birnin Kano, na fara kallon Apollo 13, fim ɗin da Ron Howard ya shirya a 1995 a kan kumbon Amurka da ya samu matsala a hanyar wata cikin Afrilun 1970. Tare muke da kawuna, tsohon injiniya, wanda har yau yake adana rular lissafinsa cikin kube na fata. Da aka zo inda Jim Lovell yake roƙon ma'aikatan Houston su duba masa lissafinsa, aka nuno wani yana jan rula da sauri, sai kawu ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, wannan rular ba ta tarawa."

Gaskiyarsa. Rular lissafi, wadda William Oughtred ya ƙirƙira a Ingila wajajen 1622, sanduna ce masu zamewa a jikin juna, an zana musu ma'aunin logaridim. Da ita ake ninkawa da rabawa, amma aikin da ke gaban Lovell tarawa ne da ɗebewa, domin yana mayar da lambobin kusurwa daga babban kumbo zuwa ƙaramin da zai zama mafakarsu. Alƙalami da takarda sun wadatar.

Wani zai ce wannan ƙaramin kuskure ne. Ni a ganina ya fallasa yadda fim ke kallon ilimi. Darakta na son abin da ido zai gani ya ce ga masana, sai ya ɗora wa rula aikin ado, kamar rawani a kan wanda bai yi karatu ba. Alhali darajarta tana wani wuri. Lambobi kamar uku kawai take bayarwa, kuma ba ta faɗin inda ɗigon goma zai zauna. Dole mai riƙe da ita ya riga ya ƙiyasta amsar a ransa. Rular da 'yan sama jannatin Apollo suka tafi da ita, ƙirar kamfanin Pickett, ba ta da amfani a hannun wanda bai san lissafi ba.

Duk da haka ban yi wa fitowar hukunci ɗaya ba, domin ta dace da wata gaskiya: mutum a gajiye, rai a hannun Allah, bai amince da kansa ba sai wasu sun tabbatar. Haka Hidden Figures na 2016 ya nuna John Glenn yana neman Katherine Johnson ta sake bin lissafin kwamfutar IBM kafin ya tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ne abin ya shafe mu. Cikin hannayen da suka ɗauki wannan jinka har da na Kano, inda hukumar NASA ta kafa ɗaya daga cikin tashoshin bibiyar kumbunan shirin Mercury. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da Glenn ya ratso samaniyar Afirka cikin Friendship 7, ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango guguwar ƙura, aka amsa masa cewa an yi mako ana iska mai ƙarfi. Duk Bakano ya san wannan ƙura: hazon hunturu ne, wanda ke lulluɓe Dala da Gwauron Dutse. Amma Apollo 13 ya taƙaita duniyar masu sauraron kumbo a ɗaki ɗaya a Houston, kuma yawancinmu mun tashi ba mu san an taɓa amsa wa ɗan sama jannati daga garinmu ba.

Tun da na'urar HP-35 ta fito a 1972, rular lissafi ta fara komawa akwati. Abin da nake tsoro shi ne labarin tashar Kano ya bi ta. Marubutanmu da masu shirya finafinan Hausa suna da wannan labari a ƙofar gida. In sun tashi ba da shi, ina roƙonsu su fara zama da irin su kawu, su koyi abin da rular take yi kafin su miƙa wa jarumi ita.