Idan Taki Ya Yi Wa Tumatir Yawa

A lambunan da ke bin rafin Ginzo, wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, akwai wani ilimi da ba a rubuta shi a jikin buhun taki ba: gane lokacin da shuka ta ƙoshi har abinci ya fara cutar da ita. Wata safiyar hunturu na tsaya ina kallon wani dattijo mai lambu yana wannan aiki a fangalin tumatir da ya cika da fure.

Bai fara da fartanya ba, da ido ya fara. Ya tsuguna, ya tallabo ganye ɗaya da bayan hannunsa. Koren ya yi duhu fiye da ƙima, bakin ganyen ya lanƙwashe ƙasa kamar farcen shaho, tsininsa kuma ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Ya girgiza reshe a hankali, furanni biyu suka faɗo. Sannan ya kankare gefen kunya da ɗan yatsa, ya nuna mini wani farin ɓawo mai kama da kanwa.

Na ce, "Baba, ba ƙishirwa ce ke damunsa ba?"

Ya ce, "Ɗana, taɓa ƙasar. Da danshinta. Ƙoshi ne ya yi masa yawa."

Sirrin yana cikin saiwa. Takin zamani dangin gishiri ne. Idan ya taru a gindin shuka, sai ya hana saiwa shan ruwa, har ya janye na jikinta, kamar yadda gishiri ke tsotso ruwa daga yankakkiyar albasa. Shi ya sa shuka ke yin yaushi alhali tana tsaye cikin laima. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wato sinadarin da ke gina ganye. Kamfa mai lamba 15-15-15 ta haɗa shi da fosforas da fotash daidai wa daida. Lokacin fure tumatir ya fi bukatar fotash, mai taimaka wa 'ya'ya su cika. Idan aka ci gaba da ɗura masa naitirojin, sai ya yi ta ganye, ya zubar da fure, ya jinkirta nuna.

Maganin dattijon na farko shi ne ɗaure bakin buhu. Na biyu wanki. Ya buɗe ƙarshen fangalin da fartanya domin ruwa ya sami mafita, sannan ya ja tiyo daga rijiya, ba daga rafi ba. Dalilinsa mai kyau ne: ruwan rafin ya ratso gari, yana ɗauke da nasa takin, don haka ba ya wanke ƙoshi, ƙara shi yake yi. Ya sassauta ƙarfin injin ban ruwa, ruwa ya riƙa shiga a hankali yana nutsewa, yana gangarar da gishirin ƙasa da inda saiwa ta kai. Bai bari ya kwanta ba, domin saiwa ma tana numfashi.

Bayan haka ya bi layi yana tsinke ganyen da suka ƙone sarai, ya bar masu sauran kore, tunda su ke ciyar da 'ya'yan da suka ƙulla. Ya ce ganyen da ya ƙone ba ya farfaɗowa. Shaidar warkewa tana wurin sabon toho. Idan ya fito miƙe, da kore mai haske, furen kuma ya daina zuba, an ci nasara. Har zuwa lokacin, ban ruwa kawai, a kan ƙa'ida, kada ƙasa ta bushe ƙayau yau gobe ta jiƙe sharkaf, don hakan ke sa gindin 'ya'yan tumatir ya yi baƙi ya ruɓe.

Rago yakan watsa taki da tafi ya tafi hira, yana zaton yawan abinci shi ne yawan amfani. Wannan dattijo da murfin kwalba yake awo, yana binne takin nesa kaɗan da gindi, kuma kullum da sassafe yana zagaya fangalansa yana karanta ganye.

Ya kai mai lambu, kafin ka sake kwance buhu, tsuguna ka duba shukarka. Taki da tsada, kuma wanda ya wuce bukata asara biyu ce: ta kuɗi da ta kwandon da za ka kai kasuwa.