Haƙƙin Kunne a Zamanin Wayar Hannu

A watan Mayu na shekarar 2022, sa'ad da kamfanin Apple ya ba da sanarwa cewa ya daina ƙera iPod, bayan ya shekara ashirin yana sayar da ita, galibin masu sharhi sun ɗauka ke nan an rufe babin duk wata 'yar na'ura wadda ba ta da aiki sai jin sauti da kallon hoto, tun da yake wayar hannu ta riga ta tattare waɗannan ayyuka ta haɗa da nata. Sai ga shi ba a je ko'ina ba, samari da 'yammata a Amurka da Turai, waɗanda da yawansu ba a ma haife su ba lokacin da iPod ta fara fitowa, sun shiga neman tsofaffin a hannun 'yan gwanjo, suna sake musu batir suna zuba musu waƙoƙi, alhali kuwa kamfanoni irin su Sony na Japan da FiiO na ƙasar Sin da Astell&Kern na Koriya ta Kudu ba su fasa ƙera sababbi ba. Waɗansu na ganin yayi ne kawai, zai wuce. Ni kuwa ina ganin akwai hankali a ciki, kuma ina tare da duk wanda ya ware wa saurare na'urarsa ta daban, muddin dai ya san abin da zai duba kafin ya ciro kuɗinsa.

Asalin abin ba mai nisa ba ne. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, Sony kuma ta fito da Walkman a watan Yuli na 1979, wadda ita ce ta fara saba wa mutane da tafiya a kan hanya sauti na cikin kunnensu su kaɗai. Daga baya masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci samar da tsarin MP3, wanda ke matse sauti ya zubar da abin da kunne ba ya cika lura da shi, har waƙa ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma na girmanta. Na'urar MPMan da aka yi a Koriya a 1998 megabait 32 take ɗauka, wato kimanin rabin sa'a na kiɗa. iPod ta 2001 ta zo da gigabait 5 da alkawarin waƙa dubu a aljihu. Ta 2005 ta ƙara da bidiyo. Kowane mataki yawa ya ƙara, har aka iso ga wayar da ke iya jawo miliyoyin waƙoƙi daga intanet, kuma a nan ne aka yi wata hasara da ba a lissafa da ita ba, domin duk waɗancan na'urori, da ƙarancinsu da nauyinsu, in ka kunna su ba mai katse ka.

Wannan shi ne jigon maganata. Magabata ba su ɗauki saurare abin wasa ba, har Imamu Gazali ya keɓe masa littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya kawo cewa sai an kula da lokaci da wuri da abokan zama kafin a ce an saurara bisa ladabi. Game da karatun Alƙur'ani kuwa, umurnin yin shiru da kasa kunne yana nan a ƙarshen Suratul A'arafi, kowane almajiri ya san shi. To, a dubi halin mutumin da ya zauna bayan sallar isha'i, ya saƙala abin ji a kunne, ya kunna tafsiri a wayarsa da kyakkyawar niyya. Malam bai gama warware ayar farko ba saƙo ya shigo, wayar ta yi ƙara ta haska. Ya daure bai duba ba, sai kira ya biyo, karatun ya tsaya cak. Da ya gama amsawa ya ce bari ya leƙa saƙon nan sau ɗaya, ya leƙa, ya zarce zuwa wani, malam na ta bayani a kunnensa shi kuwa zuciyarsa tana can wata unguwa. In ma ta intanet yake ji, ba mamaki a tsakiyar aya talla ta faɗo masa da kiɗa. Ba raunin imani ne ya jawo masa haka ba, na'urar ce aka gina domin ta riƙa kiransa, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya sami mai jin tafsiri shi ke samun mai jin Shata ko Ɗanƙwairo, waɗanda waƙarsu guda kan yi tsawo tana hawa tana sauka, ba a gane gwanintar 'yan amshi da makaɗa sai an bi ta daga farko har ƙarshe da halartowar zuciya.

Mu a ƙasar Hausa ba mu taɓa rabuwa da wannan hanya ɗungurungum ba, ko da yake larura ce ta riƙe mu a kanta: tsadar data, da raunin sabis a karkara, da wutar lantarki mai zuwa ta tafi. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi ko shagon tela ya ga 'yar rediyon nan mai tocila a ka, mai ramin sa katin memori a gefe, sau da yawa an ɗaure murfin batirinta da kyauro, lambobi ja suna ƙyaftawa a fuskarta, mai ita kuwa ya haddace cewa daga lamba kaza zuwa kaza karatu ne, daga nan sai wa'azi, sa'an nan waƙoƙin bege, ba ya ko ɗaga kai daga keken ɗinki yake latsa wadda yake so. Ta wannan hanya ta kati da turawa daga hannu zuwa hannu ne sunan Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar wanda ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, ya ratsa Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci waƙarsa a wayoyin mutane a arewacin Mali, ya sa ta cikin tarin da ya fitar a 2011. Abin da yaran Amurka ke komawa gare shi yau da zaɓinsu, telan nan yana kansa tun tuni.

Saboda haka sharaɗi na farko a wurina wajen sayen na'ura shi ne ramin kati. Na'urar da ba ta karɓar katin memori, komai kyanta, ta ɗaure ka ga abin da maƙerinta ya ƙaddara maka. Wadda kuma ba ta aiki sai da intanet da biyan kuɗin wata-wata, haya kake yi, ran da ka kasa biya ko kamfani ya janye waƙa, ba ka da ta cewa. Balle ma mafi yawan abin da kunnen Bahaushe ke ƙauna, na Narambaɗa da Ɗan Anace da Barmani Coge da karatuttukan malaman zaure, ba a tattara shi da tsari a waɗannan manyan rumbuna ba, yana warwatse a hannun mutane. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: sauti na MP3 matsakaici yana cin kimanin megabait ɗaya a minti, don haka katin gigabait 16 zai ɗauki fiye da sa'a 250, ya isa saukar Alƙur'ani cikakkiya, ko ta Husari da ya ɗauka da ruwayar Warshu wadda aka saba da ita a allunanmu, da tafsirin azumi guda, da sauran wuri mai yawa na waƙa. Sai dai a yi hattara da katin jabu, wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Mai kaya zai ce, "Alhaji, wannan orijina ne, ka ɗauka da ido rufe," kai kuwa ka ce masa, "Malam, cika shi tukuna mu gani," in ya cika ka buɗe abin da aka fara zubawa da abin da aka zuba a ƙarshe, domin na jabu a nan asirinsa ke tonuwa, sunaye suna nan amma ba abin da ke kunnuwa.

Na biyu, maɓallai na gaske waɗanda yatsa ke ji, har mutum ya iya tsayarwa ko ya koma baya na'urar tana cikin aljihun riga, ba sai ya ciro ta ya zuba mata ido ba. Tare da su akwai wasu ƙananan siffofi guda biyu da masu talla ba su cika ambata ba, alhali ga ɗalibi sun fi komai. Ɗaya ita ce na'ura ta riƙe wurin da aka tsaya, domin karatun da ya kai sa'a biyu, in an kashe aka kunna ya koma farko, wahala ce tsagwaronta, kuma da yawa daga masu araha haka suke. A gwada wannan a gaban mai shago kafin a biya. Ɗayar ita ce maimaita gaɓa, wadda ake yi wa alama da A da B, inda za ka kafa farkon aya da ƙarshenta ta yi ta zagayowa har ta zauna, abin da mai hadda da mai koyon tajwidi da mai koyon wani harshe duk suke bukata. Sa'an nan batir: ƙaramar na'ura marar babbar fuska takan yini ta kwana tana aiki da caji ɗaya, ta kuma bar wa waya nata cajin domin kira. Ina kuma fifita mai ramin abin ji na waya, na milimita 3.5, wanda manyan wayoyi suka fara yarwa tun iPhone 7 a 2016, saboda marar waya shi ma batir ne da shi, ka ga an ƙara maka abin kaiwa wurin mai caji.

Bidiyo kuwa ba zan tsawaita a kansa ba, don ban ga dalilin ƙara kuɗi saboda shi ba. Fuskar waɗannan na'urori ƙarama ce, tana shan batir, kuma masu arahar cikinsu sau da yawa ba sa buɗe fim sai an juya shi zuwa wani tsari nasu a kwamfuta. Wayar da ke hannunka ta fi su a wannan fage nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani ɓangare na wannan yayi da ban yarda da shi ba, wato israfin masu neman abin da suke kira tsantsar sauti. Sony tana da Walkman da aka yi jikinta da tagulla aka shafe da zinariya, kuɗinta ya haura dala 3,000, ana kuma kwaɗaitar da mutane da sautin da aka ce ya zarce na faifan CD. Amma faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, wanda ya riga ya game duk iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji, kunnen kuma raguwa yake yi da shekaru. Waƙar da aka ɗauka da rikoda a filin biki shekaru hamsin da suka wuce, ba wata zinariya da za ta ƙara mata abin da ba a ɗauka ba. Wanda ke da rarar kuɗi ya sa su a abin ji mai kyau, wanda ke zama daidai a kunne ya tare hayaniyar waje, nan ne bambanci ke bayyana ga kowa. Yana da wata fa'ida kuma, domin mai abin ji marar kyau shi ke ƙure ƙara don ya rinjayi injin niƙa da hon ɗin motoci, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako, jin da ƙara ta kashe kuwa ba ya dawowa. Kunne amana ne, kuma na'urar da ke da wurin ƙayyade iyakar ƙara ta cancanci a fifita ta, musamman in yaro za a saya wa.

Ba zan ɓoye ba, hanyar kati tana da nata aibi, kuma babba ne. Masu tura waƙa da fim a bakin kasuwa, waɗanda suka gaji cinikin kaset da faifai irin wanda aka san Ƙofar Wambai ta Kano da shi, sau da yawa suna sayar da gumin wani ba da izininsa ba, mawaƙi da mai shirya fim ba su ga ko kwabo ba. Wannan haƙƙi ne, yawan masu yi bai halatta shi ba, kuma wanda ya iya sayen na'ura ya iya neman hanyar da kuɗinsa zai isa ga mai aikin in yana raye, ko ga magadansa. Inda hanyar ke da lada tsantsa shi ne wajen ceto abin da ke shirin salwanta. A gidaje da yawa akwai kwalaye cike da kaset, na karatun wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, ko na wani maroƙin gari da bai taɓa shiga gidan rediyo ba, zafi da ƙura suna cin zaren a hankali, rikodar da za ta juya su ma tana ƙara wuyar samu. Aikin ba ya bukatar fiye da rikoda mai lafiya, da waya mai kai biyu, da kwamfuta. A ɗauki kowane gefe a tsawonsa ba tare da an datse ba, a rubuta a sunan fayil ɗin wanda ya yi, da garin da aka ɗauka, da shekara in an sani, sa'an nan a ajiye a wuri biyu, domin katin memori shi ma yana mutuwa ba tare da sallama ba, a kuma bar kaset ɗin a inuwa kada a zubar.