Dorman Long: Maƙeran da Suka Ɗaura wa Sidni Baka

Wanda ya ga hoton babbar gadar Sidni ta ƙasar Ostareliya zai ɗauka wasu gwanaye ne suka kama zungureren ƙarfe suka lanƙwasa shi. Bakan nan kuwa, mai tsawon mita 503 daga wannan gaɓar ruwa zuwa waccan, miƙaƙƙun ƙarafa ne aka jera kashi 28, kowane kashi ya ɗan kauce daga layin na bayansa, har ido ya ga lanƙwasa. A lokacin da aka gina gadar babu injin da zai iya tanƙwara ƙarfe mai wannan kauri, don haka sai aka nemi lanƙwasar a cikin lissafi. Kamfanin da ya yi aikin, Dorman Long, ya cancanci nazari, domin tashinsa da faɗuwarsa sun nuna yadda sana'ar gini da ƙarfe ta sauya cikin shekara ɗari da 'yan kai.

Arthur Dorman da Albert de Lande Long ne suka kafa shi a 1875 a Middlesbrough, bakin kogin Tees a arewa maso gabashin Ingila. Arzikin garin daga ƙasa ya fito. A 1850 aka gano tama a tsaunukan Eston, ga kwal kusa a Durham, ga kogi mai kai jirgi teku. Kamfanin ya yi ta haɗiye na kusa da shi, har a 1929 ya karɓe Bolckow Vaughan, wanda ya girme shi. Ya ma gina wa ma'aikatansa gari sukutum, Dormanstown, wanda aka fara a 1917.

A ganina, ƙarfin kamfanin yana cikin wannan tsari ne. Shi ke haƙo tama, shi ke narka ta, shi ke murza ƙarfen ya zama faifai ko dogon gungume, shi ke yanka da huda, kuma mutanensa ne ke hawa sama su haɗa. In rami bai dace da rami ba, babu wanda za a nuna wa yatsa, laifin na gida ne. Shi ya sa lokacin da aka ba shi kwangilar Sidni a watan Maris na 1924, kan fam miliyan 4.2 da ɗoriya, ya iya cewa zai kawo kusan kashi 79 cikin ɗari na ƙarfen daga Middlesbrough, ya kafa manyan rumfunan aiki a Milsons Point dab da ruwa, ya yanka komai a wurin.

Yadda aka tayar da bakan shi ne abin kallo. Ba a iya kafa ginshiƙi a tsakiyar tashar jiragen ruwa ba, sai aka fara daga gefe biyu, kowane rabi yana miƙewa bisa ruwa babu abin da ya tokare shi daga ƙasa. Igiyoyin ƙarfe 128 ne suka riƙe kowane rabi ta baya, an zagaya da su ta cikin rami da aka haƙa a dutse. Maginin gargajiya na ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba: haka ake ɗaura bakan soro, guntayen azara miƙaƙƙu ana ɗora su daga bango biyu, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a tsakiya, irin aikin da Babban Gwani ya bari a Masallacin Juma'a na Zariya. A Sidni, ranar 19 ga Agusta 1930, aka yi ta sassauta igiyoyin har rabi biyun suka taɓa juna da rana. Da yamma ta yi sanyi ƙarfen ya tsuke, suka sake rabuwa, sai da dare aka samu suka haɗu baki ɗaya. Kafin a buɗe gadar ranar 19 ga Maris 1932, an jera kawunan jirgin ƙasa 96 a kanta don gwaji.

Ƙarfen gadar ya kai tan 52,800, kuma ba walda ce ta riƙe shi ba. Ƙusoshi ne masu kai biyu, kimanin miliyan 6, kowace da hannu aka sa ta. Aikin na ƙungiya ne. Mutum ɗaya yana gasa ƙusar a ƙaramin murhu har ta yi jajir, ya ɗauke ta da awartaki ya jefa. Na biyu ya cafe da gwangwani ya zura ta a rami. Na uku ya danne kanta da gungumen ƙarfe, sau da yawa yana durƙushe cikin akwatin ƙarfe mai duhu da zafi. Na huɗu ya daka ɗaya bakin da gudumar iska har ya yi kai. In ƙusar ta huce sai ta tsuke ta matse faifan biyu gam. In an yi jinkiri kaɗan ta huce tun kafin a gama, sai a cire a sake. Ƙarar kuwa ta kurmantar da da yawansu daga baya, kuma ma'aikata 16 sun rasa rayukansu a aikin.

Nan ne nake da ƙorafi kan yadda ake ba da tarihin irin waɗannan kamfanoni. An daɗe ana jayayya kan wanda ya zana gadar, John Bradfield na gwamnatin jihar da Sidni take ciki ko Ralph Freeman da kamfanin ya ɗauka, har aka sa sunayensu duka biyu a allon tunawa. Amma zane ba ya huda rami. Ilimin mai auna ƙarfe, wanda ya san yadda faifai ke murɗewa bayan yanka, da na mai gasa ƙusa da ke gane zafi daga launi, kaɗan ne daga cikinsa ya shiga takarda. Da walda da noti suka kori ƙusa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya bi masu shi. Ko Dorothy Buchanan, wadda ta yi aikin lissafin gadar a ofishin kamfanin, kuma ta zama mace ta farko a ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Birtaniya a 1927, ba kasafai ake tuna ta ba.

Ita lanƙwasa ta gaske, a da da wuta ake yin ta, musamman a wuraren ƙera jiragen ruwa: a fito da ƙarfe daga tanderu, a shimfiɗa shi kan daɓen ƙarfe mai ramuka, a kafa turaku bisa layin da ake so, a yi ta ja da duka kafin ya huce. Yau injin mai gangar murza uku ne ke yi da sanyi, ana kai ƙarfen ana komowa, ana ƙara matsi a hankali. Wahalar ba ta canja ba: bayan ƙarfen yana miƙewa, cikinsa yana matsewa har ya nemi yamutsewa, kuma in an sake shi sai ya ɗan koma baya, don haka dole mai injin ya zarce ma'auni da gangan. Manyan bututu kuma da lantarki ake zafafa siririn zobe a jikinsu, a tura, a watsa ruwa. Wannan ne ya ba masu zane damar rufin filayen wasa da na jiragen sama masu lanƙwasa. Sai dai ƙananan kamfanoni ne na musamman ke wannan aiki yanzu: wani ya narka, wani ya lanƙwasa, wani ya haɗa, kowa da lauyansa.

Afirka ma ta samu rabonta. Dorman Long ne ya gina tsohuwar gadar Omdurman a Sudan, wadda aka gama a 1926, da gadar Birchenough ta Zimbabwe a 1935. A Legas kuma akwai kamfani mai ɗauke da sunan tun 1949.

A gida Ingila, girman da ya ɗaukaka shi ne ya zame masa kaya. Kamfanin da ke da ma'adinai da tanderu ba ya iya sayen ƙarfe mai araha a waje ba tare da ya kashe kansa ba. Gwamnati ta haɗe shi cikin British Steel a 1967, daga baya aka sayar da sashen gina gadoji, ya haɗu da Cleveland Bridge na Darlington, shi ma ya durƙushe a 2021. Masana'antar ƙarfe ta Redcar, kusa da Middlesbrough, ta rufe tun 2015. Raba aikin ya sa ƙarfe ya yi sauƙi, ya kuma kawo siffofin da mutanen 1930 ba su iya ba. Amma a lissafina an yi asarar abu mai tsada: gida ɗaya da za a kama da alhakin gada tun daga tama har ƙusar ƙarshe.