Wayar da ke Aljihu, Gidan da ke Cikinta: Bitar Hukuncin Riley

Akwai rubutun da ba a sayar da shi a shagon littattafai, amma ya cancanci mutum ya shimfiɗa tabarma ya karanta shi a natse. Irinsa ne hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 25 ga Yunin 2014 a shari'ar Riley da jihar Kalifoniya, wanda Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta. Tambayar guda ce: in ɗan sanda ya kama mutum, yana da hurumin buɗe wayarsa ya bincika ba tare da takardar izini daga alƙali ba?

Mutanen da shari'ar ta shafa ba waliyyai ba ne, kuma hukuncin bai ɓoye haka ba. A 2009 aka tsayar da David Riley a San Diego saboda takardun motarsa sun ƙare, aka samu bindigogi biyu a motar, sannan aka buɗe wayarsa aka ga hotunan da suka haɗa shi da wani harbi. Shi kuwa Brima Wurie, wanda aka haɗa shari'arsa da ta Riley, a Boston aka kama shi a 2007. Wata lamba da ya sa wa suna "gidana" ta yi ta kiran ƙaramar wayarsa, 'yan sanda suka bi ta har ƙofar ɗakinsa, suka samu ƙwaya.

A nan gwanintar Roberts ta fito. Tun 1973, a shari'ar Robinson, kotun ta amince ɗan sanda ya buɗe kwalin sigarin da ya samu a aljihun wanda ya kama. Lauyoyin gwamnati suka ce ai waya ma abin aljihu ce. Roberts bai tsaya jayayya a kan kalmomi ba, ya ɗauki wayar ya jujjuya ta a gaban mai karatu. Dalilai biyu ne suka halatta laluben wanda aka kama: tsare lafiyar ɗan sanda, da hana ɓatar da shaida. To, saƙon da ke cikin waya ba ya soke mutum kamar reza. In kuma ana tsoron a goge shi daga nesa, a kashe wayar ko a jefa ta cikin jakar da ke toshe sabis, a je wurin alƙali. Ya ce daidaita waya da kwalin sigari tamkar daidaita hawan doki ne da tafiya duniyar wata. Wurin da ya fi ratsa ni shi ne inda ya nuna cewa laluben waya ya fi laluben gida tonon asiri, domin tana ɗauke da abin da ko a ƙarƙashin katifa ba a ajiyewa: cutar da kake nema wa magani, inda ka kwana, da wanda ka kira da tsakar dare.

Ana yawan raba alƙalan kotun nan gida biyu. A lokacin, biyar shugabannin jam'iyyar Rifablikan ne suka naɗa su, huɗu kuma na Dimokurat. Amma duk taran suka taru a kan amsa ɗaya, har da Antonin Scalia da Ruth Bader Ginsburg, waɗanda ra'ayinsu ya sha yin hannun riga. Gwamnatin Barack Obama kuwa, da ake wa kallon mai sassauci, ita ce ta tsaya bayan 'yan sanda. Roberts ya koma 1761, lokacin da lauya James Otis ya ƙalubalanci takardun da suka ba jami'an Ingila damar kutsawa kowane gida. Da wannan tarihin ya riƙo masu ra'ayin riƙau, da sanin halin zamani ya riƙo sauran.

Sai dai ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Hukuncin ya bar ƙofar "halin gaggawa" a buɗe, bai taɓo tilasta wa mutum faɗin lambar sirri ba, bai kuma ce komai game da binciken waya a filin jirgi ba. Alƙali Samuel Alito, duk da ya amince, ya yi gaskiya da ya nuna gibin: wasiƙar takarda a aljihu ana iya karanta ta, irinta a waya ba a iyawa. Haɗin kan ma bai ɗore ba, don a shari'ar Carpenter ta 2018, kan bayanan wuraren da waya ta bi, biyar da huɗu suka rabu.

Duk da haka, wanda aka taɓa cewa da shi a shingen hanya "buɗe wayar nan mu gani" zai karanta wannan rubutu da zuciya ɗaya. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin hirar tarho da wasiƙu, kuma laluben waya na cikin abin da ya fito da matasa titi a 2020. Lauyoyinmu da alƙalanmu za su amfana da ganin yadda aka ba tsohuwar doka sabon numfashi da hujja mai sauƙi: wanda zai shiga wayarka, ya fara sallama a wurin alƙali.