Dabbobin Dawa a Bakin Wuƙar Mai Zane: Daga Nok Zuwa Ladi Kwali

Akwai wata fasahar zane da ta bunƙasa a Ingila da Faransa a ƙarni na 19, inda ake shafe allo da farar ƙasa, a lulluɓe shi da baƙin tawada, sannan a riƙa kankarewa da tsinin wuƙa har siffa ta bayyana. Masu zanen namun daji sun rungume ta domin tana fitar da gashi da gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawansu kan ce ƙaunar daji ce ta sa su riƙe wuƙar. A wannan taƙaitaccen sharhi za mu auna wannan iƙirari da ma'aunin gida, wato ƙasar Kafanchan da kewayenta.

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono ɗan kan biri na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba. A wajajen 1943 aka sami wani kan mutum kusa da Jama'a, wanda ya kai hannun Bernard Fagg a Jos, shi kuwa ya gane cewa tushensu ɗaya. Abin lura a ayyukan Nok shi ne, an ƙawata fuskar mutum bisa tsararren salo, da idanu masu kusurwa uku, amma biri da giwa da maciji an bar su kusa da halittarsu. A ganinmu wannan aikin idon da ya zauna da dabba ne, ya san zamanta da tashinta. Gani ya kori ji. Binciken da aka buga a 2021 ma ya gano ɓurɓushin kakin zuma a tukwanensu, shaidar cewa daji yana ciyar da su tun kimanin shekara 3,500 da suka shige.

Ta fuskar dabarar kankara kuwa, babu wanda ya fi kusa da ita irin Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, ta rasu a 1984. Takan tsaga jikin tulu ta fitar da kunama da ƙadangare da hawainiya da kada. Ita ba ta bi gashi ɗaya bayan ɗaya ba. Layi kaɗan take ja, amma wutsiyar kunamarta a ɗage take, kamar mai shirin harbi. Ashe yawan layi ba shi ne sanin dabba ba.

A nan ne muke da ja da mai zanen zamani da ke kwafar giwa daga hoton mujalla. Aikinsa kan yi kyau, sai dai babu numfashi a ciki, domin bai taɓa jin ƙarar karyewar reshe a bayansa ba. Laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Yaron da ya tashi a gindin duwatsun Kagoro a yau, in yana son ganin giwa a dawa, sai ya nufi Yankari a Jihar Bauchi, ga kuma gatari da buhun gawayi suna cin ragowar itatuwa.

Saboda haka muna ganin ƙaunar daji ba a bangon ɗakin baje koli ake gwada ta ba. Mai zanen da ke son magajinsa ya yi aiki irin na Nok, wajibi ne ya tsaya wa kurmin da zai koya masa. Wuƙar da ta kankare baƙi ta fito da haske abar yabo ce. Gatarin da ya kankare kurmi ba ya barin abin zanawa.