Taswirar Filaye Muke Yi, ta Ruwa Muke Bukata

A yanzu da wuya gwamnati ta yi maganar tsara birni ba ta ambaci taswirar kwamfuta ba. Abuja ta buɗe AGIS tun 2003, Kaduna ta kafa KADGIS, Kano ma tana da KANGIS. An ɗauki hotunan garuruwa daga sama, an ba filaye lambobi, an rage rigimar fili ɗaya takarda biyu. Ban raina wannan ba. Duk wanda ya ga 'yan'uwa sun shekara suna shari'a a kan kango ya san darajarsa. Sai dai abin da aka fi nema a taswirorin nan shi ne filin wane ne, kuma ya biya kuɗin ƙasa ko bai biya ba. Inda ruwan Agusta zai bi kuwa, kaɗan ne suka damu su duba.

Mutanen Dar es Salaam a Tanzaniya ta nan suka fara. A 2015 aka soma shirin Ramani Huria da tallafin Bankin Duniya, aka ɗebi ɗaliban Jami'ar Dar es Salaam da na Jami'ar Ardhi aka tura su unguwannin da ambaliya ke ci, inda yawanci gidaje suka tashi ba tsari. An yi amfani da jirage marasa matuƙa, amma ba su ne suka yi babban aikin ba. Daga sama rufin kwano kawai ake gani. Kwatar da leda ta toshe, da kwalbatin da ya rufta a ƙarƙashin titi, sai ƙafa ta kai mutum. Haka ɗaliban suka bi magudanan ruwa ɗaya bayan ɗaya da waya a hannu da sandar awo, suna auna faɗi da zurfi, suna rubuta inda ta karye da inda ta ƙare ba ta haɗu da komai ba. Suka kuma zauna da mazauna unguwa, waɗanda suka san gidan da ruwa ya kai taga bara. Duk abin da aka tattara aka zuba shi a OpenStreetMap, kowa ya ɗauka kyauta. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, don a wurinmu taswira dukiyar ofis ce, sai ka cika takarda ka biya kafin a nuna maka unguwarku.

Kada kuma a zuzuta. A Dar es Salaam ɗin dai aka gina wurin ajiye sababbin motocin safa a Jangwani, tsakiyar kwarin kogin Msimbazi, ruwa ya riƙa shiga yana tsayar da zirga-zirga. Ba wanda yake bukatar tauraron ɗan'adam ya gaya masa Jangwani fadama ce. Sanin hanyar ruwa daban, samun mai ikon cewa “ba za a yi gini a nan ba” daban.

A Kano abin da ya kamata a fara sa wa a taswira shi ne kududdufai. Ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar ginin birni, daga baya suka zama matattarar ruwan sama, suna riƙe shi kafin ya gangara kogin Jakara. An daɗe ana cike su da shara, a yanka filaye, a yi shaguna. Ruwan da kududdufi yake sha bai fasa zuwa ba, tsakar gidan maƙwabta yake komawa. A ɗora tsohon hoton sama a kan na bana, cikin yini guda za a ga waɗanda suka ɓace da waɗanda suka rage. Na'urar da ke fitar da takardar mallaka ita ce za ta iya ƙin fitar da ita idan filin ya faɗa cikin kududdufi, in an ga dama a umarce ta.

Akwai fargabar da talaka yake da ita, kuma yana da gaskiya. Ranar da gidansa ya fito a taswira, ranar ce mai rusau ya san ƙofarsa. Mutanen Makoko a Legas sun ga rusau a 2012, duk da haka daga baya matasansu suka shiga kwalekwale suna zana unguwarsu da waya, don a daina cewa babu kowa a wurin. Abin lura shi ne hannun da ya zana, da wanda yake iya buɗewa ya gani.

Shi ya sa nake ganin kuɗin da ake kashewa a manyan allunan kwamfuta na ofis, a raba shi. A ba ɗaliban safiyo da na labarin ƙasa na Jami'ar Bayero alawus, a haɗa su da masu unguwanni, su bi kwatocin Fagge da Kurna da Ɗorayi a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, su sake bi a Satumba su rubuta inda ya kwana. A liƙa sakamakon a ƙofar mai unguwa, kwafi ɗaya kuma a kai teburin mai sa hannu a izinin gini.